Takardar da Ta Ɓoye Shekarun Baba

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata sarauniyar surutu. Nan ma lafiya lau, sai godiya. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce tunda kika samu ofis mai sanyi kin manta da talakawa.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa maimakon waya. Kin san yadda ƙarar inji ta cinye mini kunne. Idan na kara waya, na'urar ƙara jin da ke kunnena sai ta hau fito. Idan na cire ta, ke kina ihu ni ina "Na'am?" har mu gaji. Takarda ba ta fito, shi ya sa na koma mata.

Abin da aka daɗe ana raɗe-raɗi ya tabbata, an rufe maɗaba'a. 'Ya'yan mai maɗaba'ar sun sayar da ginin, aka kwance injuna aka loda a gabanmu. Babban injin nan da kike tsoro kina ƙarama, sai da aka fasa ƙofa kafin ya fita. Na tsaya har aka gama, na miƙa makullin ɗakin ɗinkin littafi, na taho gida da allurata da almakashina. An sallame mu da mutunci, ba yunwa ce ta sa na rubuto ba. Zama ne yake neman kashe ni. Ina tashi in yi wanka in sa riga, sai in tuna babu inda za ni. Jiya har ƙofar banɗaki na kwance na gyara, alhali ba abin da ya same ta.

Ban manta alkawarin da kika ɗaure ni da shi ba bayan rasuwar mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, cewa duk ranar da aiki ya ƙare zan rufe gida in koma wurinki. Ba zan saɓa ba. Amma ina roƙon arziki, ki ba ni zuwa ƙarshen shekara in nemi wani aikin a nan. Idan an samu, ki yafe mini alkawarin. Idan ba a samu ba, ki turo mota, ba za ki ji musu daga bakina ba. Ba gudun ki nake ba, Uwata. Tsoro nake ji in zama tsohon da ake ajiyewa gaban talabijin ana ƙara masa murya.

To ga inda kika shigo. Duk inda na leƙa sai a ce in kawo si-bi, takardar tarihin aiki. Abin dariya, na buga ta mutane ba adadi, na yanke, na sa a ambulan, amma ban taɓa yin tawa ba, don ni ranar da aka ɗauke ni hannuna kawai aka duba. Ke kuwa aikinki ke nan, karanta su a ofishin ɗaukar ma'aikata. Na zauna na rubuta tawa, ga ta nan haɗe, shafi huɗu. Na faro daga haihuwa. Ki gyara inda ya kamata, amma kada ki taɓa wurin da na yi bayanin tsohon mai gidanmu, mutumin kirki ne.

Wuri biyu na ji labari. Akwai kamfanin buga kwalaye a bayan tasha, akwai kuma wani sito na kayan gini da ke neman mai kula da shige da ficen kaya. Ki yi mini kwafi biyu iri ɗaya.

Ki shafa mini kan jikata. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Babana,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, ina kuma yi maka jajen maɗaba'a. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa ko jaka ban ajiye ba. Maganar babban inji ta sa ni hawaye, sai kuma na buɗe shafi huɗun nan na yi ta dariya har maigidan ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Haba Baba. A ƙarshen shafi na biyu fa ba ka gama firamare ba. Tsohon mai gida ya samu rabin shafi shi kaɗai, kai kuwa abin da ka iya layi uku ne a can ƙasa, kamar kana jin kunyarsa. Na adana wannan don ni da jikarka, amma ba za ta fita daga gidan nan ba. Mu a ofis kafin shayi ya huce mun wuce takardu tuli guda. Abin da ido ya fara faɗawa a kai shi ne mutum.

Kuma kwafi biyu iri ɗaya ba zai yiwu ba, don kowane fanni da irin tsarin da yake so. Banki da aikin gwamnati da makaranta sun fi son jeren shekaru, daga aikin ƙarshe a gangara zuwa na farko, su ga ko mutum mai zama ne. Asibiti lasisi suke nema a sama tun kafin su san sunan garinka. Direba ajin lasisinsa da irin motocin da ya tuƙa. Masu zane kuwa ba ruwansu da dogon bayani, aikin za ka ajiye musu su gani. Akwai kuma tsarin ƙwarewa, inda ake fara jera abin da mutum ya iya, a tura shekaru can ƙasa ko a bar su gaba ɗaya. Wannan na masu sauya sana'a ne, da waɗanda shekaru ke iya yi wa cikas.

Maganar sito, ka bar ta. Kwamfuta za su ɗora ka a kai daga safe har yamma, ka ƙirga buhun siminti, kuma na san ka, sati ɗaya za ka yi ka fara gyara musu rubutun rasit.

Kamfanin kwalaye shi ne naka, kuma na yi maka ta tsarin ƙwarewa, shafi ɗaya. Haɗa launi, saita inji, yanka da ninki, gano kuskure kafin a buga, duk suna sama. Na cire ranar haihuwa, na cire shekarar da ka fara aiki, ban sa hoto ba. Masu irin kamfanonin nan yara ne, Baba. Suna ganin shekarar za su yi lissafi su ture takardar gefe, ba su kai ga abin da ka iya ba. So nake su fara ganin hannunka kafin su ga furfurarka. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, shiru kawai na yi a wasu wurare.

Na yarda da ƙarshen shekara. Amma kada ka ɗauka addu'ata duka tana bayanka, rabi ce. Ɗaya rabin tana nan tana share ɗakin da ke kallon hantsi. Ina kewarka, Baba, kuma ba na jin daɗin tuna kana cin abinci kai kaɗai.

A gaida Gwaggo, a ce mata sanyin ofis bai kai sanyin hannunta wajen rubuto wasiƙa ba.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. A gurguje nake rubutun nan. Sun kira ni intabiyu.

Da takardarki ta iso na karanta ta a zaune, na sake karantawa a tsaye, na ce wannan mutumin ni ma da ina da kamfani da na ɗauke shi. Ashe haka nake ban sani ba. Gefen hagu dai ya matse kaɗan, na kai wurin wani tsohon abokin aikina muka sake fitar da ita a takarda mai nauyi. Wannan ba gyara na yi miki ba, ciwon sana'a ne.

Abu ɗaya ne yake ɗan damuna. Mutumin da ke cikin takardar nan bai yi kama da mai jika ba. Amma ke kika san aikinki, ni nawa in je in tsaya a bayan abin da kika rubuta.

Na ba da farar rigata wanki da guga. Gwaggonki ta nace sai ta raka ni, wai kada in ɓata a garin da aka haife ni. Ki ƙaro mini addu'a daga ɗaya rabin, aro.

Mahaifinki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Na je, na dawo. Ba rabona ba ne. Yaran suna da ladabi, sun ba ni ruwa, ɗaya har ƙofa ya rako ni. Injunansu sababbi ne, ba irin waɗanda na sani ba. Takardarki ba ta da laifi, ita ta kai ni har cikin ofis, abin da ya rage nawa ne.

Na yi tunani, babu amfanin jiran ƙarshen shekara. Na fara ɗaure littattafai a kwali. Kayan mahaifiyarki Gwaggonki za ta zo ta raba yadda ya dace, ki faɗi abin da kike so a ajiye miki. Gidan zan bar wa ɗan maƙwabci da ya yi aure ya zauna a ciki, don kada ya mutu. Ki tambayi maigidanki lokacin da motar za ta samu, amma ba nan kusa ba, ina da 'yar mura da ta hana ni fita.

Kin yi gaskiya tun farko. Ki gaya wa jikata Kaka yana zuwa.

Mahaifinki

*

Ke mutuniyar birni,

Sallama da gaisuwa. Ga mai sanyin hannu ta rubuto, sai ki zauna, don ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Na san Yaya ya rubuto miki cewa mura yake yi. Babu wata mura. Ni na raka shi, ni zan gaya miki abin da ya faru.

Ranar da za mu tafi na iso da wuri na zauna ina jiransa. Sai ga mutum ya fito daga ɗaki, gemu baƙi ƙirin, kai baƙi ƙirin, har da ɗigon abin a bayan kunne. Wallahi da a hanya muka haɗu da na wuce shi. Rini ya saya ya shafa. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na ga yadda yake kallona yana jiran abin da zan ce, na haɗiye. Na ce ya yi kyau. Allah ya yafe mini.

Wannan duk mai sauƙi ne. Muna isa bakin ƙofar kamfanin ya zare na'urar kunnensa ya jefa a aljihu. Na ce Yaya me ke nan? Bai ji ni ba mana. Muka zauna a benci, yarinyar da ke kan tebur ta kira shi ta sake kira, yana zaune yana murmushi, sai da na zungure shi.

Ofishin na gilashi ne, ina hango komai. Samari biyu ne. Suna magana yana gyaɗa kai, suna dariya yana dariya. Da suka fara ɗaga murya har waje nake ji. Suka tambaye shi yaushe zai iya fara aiki, ya hau yi musu bayanin haɗa launi. Suka sake tambaya, ya ce ai shi ba ya gajiya. Ga zufa, rinin ya fara bin wuyan farar rigar. Ba su wulaƙanta shi ba, kada in ɗauki alhakinsu. Da ma sun yi, da na samu wanda zan zaga. Tausayinsa suka ji, ɗaya ya riƙo gwiwar hannunsa ya rako shi kamar mara lafiya. Yayana, wanda yake ɗaga bandir ɗin takarda shi kaɗai.

Sai da muka iso gida ya mayar da na'urar, na ce don Allah me ya kai ka? Ya ce, "Takardar ba ta ce ina da furfura ba, ba ta ce ba na ji ba. Ba na so in je in ƙaryata 'yata."

Rinin nan ya ƙi fita, ya wanke har fatar ta yi ja. Shi ya sa ba ya fita, ko wurin abokan hirarsa ba ya zuwa. Yana zaune cikin kwalaye yana ɗaure littafi ɗaya ya kwance ya sake ɗaurewa.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba, na san don so kika yi. Kuma na san kin daɗe kina son ya koma wurinki, to ga shi kin samu. Amma ina gaya miki, wanda zai sauko daga motar nan ba ubanki ba ne, wani tsoho ne mai cewa to ga komai. Ni dai na faɗa.

Da na ce kada ki gaya masa ni na gaya miki, amma ki gaya masa. Tun muna yara ba na tsoronsa.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na gode, ko da yake wasiƙarki ta hana ni aiki yini guda. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka na wanke fuska na fito, na sake komawa.

Ni da nake koya wa mutane wannan abu, ban tsaya na tuna wane ne zai ɗauki takardar ya shiga da ita ba. Wani idan an yi shiru a kan shekarunsa sai ya shiga ya yi bayani da bakinsa. Baba idan aka ba shi rubutu, bin sa yake harafi da harafi, aikinsa ke nan tun kafin a haife ni.

Akwai abin da zan gaya miki, ke kaɗai. A satin da ya ce ya fara ɗaure kaya, wata abokiyar aikina ta nuna mini sanarwa. Makarantar koyon sana'a ta nan garinku tana neman malamin ɗab'i da ɗinkin littafi. Ina gani na san ta Baba ce. Na kuma san idan na yi masa takardar yadda ya kamata, da wuya su bar shi. Gwaggo, na yi shiru. Na ce ai shi da kansa ya ce zai zo, ni me na yi? Har labule na saya na ɗakin da zai zauna.

Ba zan iya ba. Yau zan zauna in yi ta, kuma zan yi ta da duk abin da na sani. Ki taimake ni da abu ɗaya, ki tsaya a kansa har ya kai ta da hannunsa. Maganar labule kuma ta tsaya tsakaninmu, wannan karon da gaske.

'Yarki

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida murar da Gwaggo ta ce babu ita. Ta gaya mini komai, ta kuma ce in gaya maka ita ce, sai ku ƙarata.

Ka yi haƙuri, Baba. Kai ba ka yi kuskure ba, ni na zaɓa maka tsarin da ba naka ba. Na ɗauki abin da ya fi komai daraja a wurinka na ɓoye kamar abin kunya, sai kai ma ka ɗauka abin kunya ne. Ban taɓa jin kunyar furfurarka ba, ko kunnenka. Da kunnen nan ka biya mini makaranta.

Ka dakata da ɗaure kaya. Mun yi da kai sai ƙarshen shekara, kuma shekara ba ta ƙare ba, ba zan karɓi alkawari kafin lokacinsa ba. Makarantar koyon sana'a ta garinku tana neman malamin ɗab'i da ɗinkin littafi, ga sanarwar na haɗo maka, ga kuma sabuwar takarda.

Wannan jeren shekaru ce, don makaranta shekaru take saye. Layin farko, ƙarƙashin sunanka, shekara talatin da ɗoriya a maɗaba'a ɗaya. Da na ɗauka aiki ɗaya layi ɗaya ne, ashe ban duba da kyau ba. Shafi huɗunka na koma na karanta a natse, na tsinto matakan: ɗan koyo, mai saita inji, mai duba kuskure, shugaban ɗakin ɗinki. Kowanne na ba shi shekarunsa. Na sa hotonka na ranar da na gama jami'a, wanda gemun ya fito fari tas. A ƙasa na rubuta cewa kana amfani da na'urar ji, kana kuma ji sosai idan an fuskance ka ana magana. Tsohon mai gida ma ya samu layi ɗaya, kada ka ce ban yi maka kara ba.

Wuri ɗaya na bari fili, kai za ka cike. Aikin koyarwa ne, za su so su san wa ka koyar. Ka rubuto waɗanda suka koyi sana'a a hannunka da inda suke yanzu, ka nemi biyu daga ciki su tsaya maka shaida. Kada ka ce ba su da yawa, ina tuna yadda suke cika mana tsakar gida.

Sannan tunda sana'ar hannu ce, takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da irin ta masu zane. Ka ɗinka littafi biyu ko uku, ɗinki daban-daban, ɗaya ka bar bayansa a buɗe don a ga zaren. Ka shiga da su a hannu, na'urarka a kunne. Kana zama ka ce musu su dube ka idan za su yi magana.

Idan ka ƙi, zan turo Gwaggo ta tare a gidan.

'Yarka

*

Mutuniyar birni,

Gaisuwa. Rahoto ne, gajere, don hannuna ya fara sanyi.

Da wasiƙarki ta zo kwana biyu ba ya yi mini magana. A na uku na tarar ya kira wanzami an kwashe kan da gemun tas, ya ce gara a fara daga farko. Yanzu farin ya fara tsirowa, ya yi kama da kansa.

Ya kwance kwali ɗaya ya fito da allura da zare. Teburin cin abinci ya zama na gam da almakashi, ko kofi na ajiye sai an harare ni. Maganar waɗanda ya koyar kuwa, ya ce mutum huɗu ne ko biyar. Aka gaya wa ɗaya, shi ya gaya wa saura, ranar hutu sai ga gida ya cika da ƙattai masu tumbi suna "Oga, Oga." Har rigima aka yi a kan wanda zai tsaya shaida. Filin da kika bari bai isa ba, ya ce in tambaye ki ko an yarda a ƙara shafi. Na ce ya ƙara, ni na yarda.

Ya kai takardar da ƙafarsa, ya hana ni rakiya. Sun ba shi rana. Maganar labule ban faɗa ba, kuma Allah ya sani ina shan wahala.

Gwaggonki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya baki ɗaya.

Sun ɗauke ni. Shugabar makarantar ta juyo da kujerarta ta fuskance ni tun kafin in roƙa, ta ce ta karanta a takarda. Ta jujjuya littattafan, ta miƙo mini allura ta ce in ɗinka a gabanta, na ɗinka. Zan fara da sabon zango. Ɗalibai goma sha wani abu ne, har da mata.

Da na fito sai na zauna a benci a bakin ƙofar makarantar. Na ɗauka maɗaba'a zan tuna, ko mahaifiyarki. Ke na tuna. Na riga na ce miki ina zuwa, da kin yi shiru da yanzu ina gidanki, kuma ba mai ganin laifinki. Kina sane da abin da takardar nan za ta hana ki, kika zauna kika yi ta, kika kuma yi ta da kyau. Babu wanda ya gaya mini, na san aikin da aka yi da hannu biyu idan na gan shi.

Mun yi da ke idan an samu za ki yafe mini alkawarin. Ba shi nake roƙo ba yanzu, na san kin yafe tun ranar da kika sa takardar a ambulan. Murna nake yi, Uwata, murna sosai, na kasa rage ta ko don ke. Ita nake so ki yafe mini.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki mai yi miki abin da kika yi mini.

Mahaifinki